Hayaniyar Mata a Farkon Kaset

Litinin, bayan azahar

An sallamo Mama. Likita ya ja ni gefe a baranda, ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Ni da nake aiki a shagon tabarau na san mutum ba ya wannan cire-mayar ɗin sai in maganar da ke bakinsa ba ta da daɗi. Abin da ya faɗa ya faɗa. Ba zan rubuta ba.

A mota Mama ta dafa gwiwata ta ce, "Ki nemo min Yaya." Na ɗauka zafin ciwo ne. Yayarta take nufi, wadda ta shiga cikin 'yan gwagwarmayar neman 'yanci tun Mama tana 'yar mitsitsiya. Ta hau motar matan ƙungiya zuwa wani taro a babban birni, daga nan ba a sake ganinta ba. Wasu sun ce an buɗe musu wuta, wasu sun ce kurkuku, wasu sun ce ta ƙetare iyaka. Ko hotonta babu a gidanmu. Tun tasowata in aka ɗauko zancenta tsaki Mama take ja, ta ce a ba ta wuri.

Ƙanwata Auta ce ta jawo min. Ita ta gaya wa Mama wai akwai wata taskar tarihi a intanet, an zuba hotuna da takardun zamanin a ciki, kowa na iya dubawa. Ta faɗa, ta tattara jakarta ta koma gidan mijinta, ta bar ni da jangwam.

Talata, da hantsi, a shago

Na buɗe taskar a kwamfutar shago. Akwai ɗan akwati a sama da ake rubuta abin da ake nema. Na rubuta sunanta. Babu. Na haɗa da sunan mahaifinsu. Babu. Na sa sunan garinsu, sai ga hoton wani Bature da kare.

Na rubuta "mata". Tirƙashi! Hotuna suka zubo kamar an ɓalle bakin buhu. Allura ce cikin ruwa.

Laraba, bayan la'asar

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne rubutun da ke ƙasan hotunan. Hoto cike da mata, sun fi ɗari, rana na dukansu, wasu da goyo, amma a ƙasa sai a rubuta sunan wani mutum guda mai kwat, a ƙara da "da wasu". Da wasu! Uwar wani ce fa, yayar wata ce. Wanda ya yi rubutun nan Allah ya sa shi ma a kira shi "da wasu" ya ji in da daɗi.

Na tambayi Mama kamanninta. Ta ce doguwa ce. Na ce sai me? Ta ce kyakkyawa. Na ce Mama, don Allah, tabo, wushirya, wani abu. Ta ce, "Ke dai ki kawo in gani."

Na ɗebi hotuna a waya na kai mata. Ta riƙe wayar, ta duba. "Ba ita ba ce." Na tura na gaba. "Ba ita ba ce." Har hannunta ya gaji.

Alhamis, da safe

Ba ta ci komai ba jiya. Cokali biyu na kunu, shi ma sai da na yi kamar zan yi kuka.

Juma'a, da yamma

Ƙanena Injiniya ya zo. Ko ƙwan fitila bai taɓa canza wa gidan nan ba, amma shawara kam buhu-buhu. Ya tsaya a ƙofar kicin ya rage murya, wai, "Anti, ki zaɓi wata doguwa kawai ki ce ita ce. Ki ce an rubuta sunanta. Hankalinta ya kwanta, ke ma ki huta."

Na ce, "Uwar taka zan yi wa ƙarya a kan gadon ciwo?"

Ya ce, "Ba ƙarya ba ce, tausayi ne."

Na ce tun da tausayi ya cika maka ciki, ga kwanon wanki can, zanin gadonta ne, bismilla. Sai ya tuna yana da wani taro.

Abin haushin, bayan ya tafi na zauna ina duba wata doguwa mai farin kallabi, ina cewa a raina wannan ai za ta yi. Na kife wayar.

Asabar, da rana

An ɗauke wuta tun safe. Caji ya ƙare ina tsakiyar wani kundi da na sha wuya kafin na kai shafi na tamanin da wani abu. Taskar nan ba ta tuna inda mutum ya tsaya. Sai dai a koma farko, a yi ta danna "na gaba", "na gaba", kamar jakin da ke zagaya rijiya. Wanda ya tsara ta bai taɓa jinyar kowa ba, na rantse.

Lahadi, bayan azahar

Ba ita ba ce. Ba ita ba ce. Ba ita ba ce.

Litinin, da hantsi, a shago

Mai shago ya kama ni. Wani dattijo na zaune yana jiran in gwada masa gilashi, ni kuwa na dulmiya cikin hoton matan da suka tare hanyar jirgin ƙasa. Mai shago ya leƙo ta bayana ya ce, "Hajiya, waɗannan duk tabarau suka zo saya?" Na ba shi haƙuri. Ya ce ya jikin Mama. Na ce da sauƙi. Ya dube ni, ya ce in ina son tashi da wuri in riƙa tashi. Da ya yi min faɗa ma da ya fi min, don sai da na shiga banɗaki na wanke fuska.

Na gano wani abu dai. In na nemi sunan ƙungiyar da harshen Turawan, abin da ke fitowa daban, in na nema yadda mutane suke kiranta, daban. Rahotannin 'yan sanda sun fi komai yawa. Su ba su bar kowa ba, har wanda ya ba da aron benci sun rubuta. Amma in an zo kan mata sai su ce "wasu mata masu tada hankali". Abokan gaba da 'yan gida duk bakinsu ɗaya a nan.

Talata, da yamma

Yau Mama ta yi magana mai tsawo, ban tambaye ta ba. Ina shafa mata mai a ƙafa ta ce ran da Yaya za ta tafi kitso take mata. An yi rabi sai mota ta yi ham a waje. Yaya ta soke mata tsinken kitso a gashi ta ce, "Zauna nan, kar ki motsa, yanzu zan dawo in ƙarasa." Mama ta ce ta zauna har aka kira magariba. Kwana da kwanaki ta hana kowa taɓa kan, har sai da kakarsu ta danne ta aka tsefe.

"Babbar mace da hankalinta," in ji Mama, "ta dubi yarinya ta yi mata ƙarya. Uwarmu ta rasu, ita ke gare ni, ta zaɓi taro."

Na ce to Mama, in haushinta kike ji, neman na mene ne?

Ta ce, "Ina ruwanki?" Ta juya ta fuskanci bango.

Wannan tsohuwa za ta kashe ni kafin lokacina.

Laraba, da safe

Nas ta zo ta canza robar hannu. Ta ce a daina matsa mata da abinci. Na ce to.

Alhamis, bayan la'asar

Bari in rubuta abin da ya faru.

Na kawo mata hotunan yau. Ina sauri, tukunya na kan wuta, na miƙa mata wayar ban duba ba. Ta riƙe, ta ƙura ido, ta ce, "Hancin ya so ya yi kama. Amma ba ita ba ce."

Na karɓa zan tura na gaba. Hoton motar soja ne. Mota ce tsirara a bakin wata gada, ko mutum ɗaya babu a ciki.

Na ce, "Mama, yatsu nawa na ɗaga?" Ta ce kar in raina mata hankali. Na ce nawa? Ta kau da kai. Ban ɗaga ko ɗaya ba.

Ni! Ni da nake wuni ina sa mutane karanta allo, ina gane mai ƙaryar gani tun daga yadda yake karkata kai! Uwata a cikin ɗakina, sama da mako guda ina tura mata waya a fuska. Ashe ciwon ya ci idon tun a asibiti, inuwa kawai take gani, ta ɓoye. Ta haddace inda kofi yake, ta haddace takun kowa. Na ce don me, Mama, don me za ki bar ni ina ta wahala kamar mahaukaciya? Na ɗaga murya, ban ji daɗin hakan ba, amma na ɗaga.

Ta ce, "In na faɗa za ki daina nema."

Abincin ya ƙone. Na bar tukunyar a jiƙe.

Juma'a

Ban buɗe taskar ba. Ba na son ganinta.

Asabar, da hantsi

Auta ta kira tana kuka, wai me ya sa ba a gaya mata zancen idon ba. Na ce ni ma shekaranjiya aka gaya min, kuma motar soja ce ta gaya min. Ba ta gane ba, ban kuma yi mata bayani ba.

Lahadi, bayan azahar

Mama ce ta fara. Ta ce in zo in zauna, fushin ya isa. Na ce ba fushi nake ba. Ta ce, "Takunki ya faɗa min."

Sai ta ce ko da idonta garau yake, ba ta jin za ta gane ta. Fuskar ta tafi tun da daɗewa. Tana ƙoƙarin tunowa sai fuskar wata maƙwabciyarsu ta riƙa shigowa. "Muryar ce dai ba ta tafi ba," in ji ta. "Ita ke ba da waƙa in matan sun taru a gidanmu. Ni ina cikin masu amshi, ina bayan ƙofa."

Na ce wace waƙa? Ta ɗan yi, numfashi na yanke mata. Wai wanda ya auna gonarmu da igiya, ya auna ruwan sama. Sai 'yan amshi su ce, ya auna mu gani. Iyakar abin da ta iya ke nan, sai tari.

Akwai wani sashe a taskar mai alamar lasifika. Kullum ina tsallake shi don yana cin data, kuma hoto aka ce in nemo. Na buɗe. Tsofaffin kaset ne da aka juya, da faifan gidan rediyo, jerinsu ba ya ƙarewa. Kowanne sunan namiji ne a kai: jawabin wane, hira da wane, jawabin wane kashi na biyu. Na rubuta "waƙa" a akwatin, aka ba ni taken ƙungiya da 'yan maza suka rera da badujala. Na rubuta "waƙar mata". Babu.

To. Za mu ji su ɗaya bayan ɗaya. Mai nema yana tare da samu, in ji masu iya magana, waɗanda ba su taɓa sayen data ba.

Litinin, a shago

Abin ji a kunne ɗaya, ɗaya kunnen na masu saye. Kai, mutanen nan sun iya surutu! Mutum ya kama lasifika ya yi sa'a guda, gaisuwa kawai ta ci rabi. Na san sun sha wuya, na san da bakinsu aka samu abin da aka samu, Allah ya jiƙansu. Amma wallahi akwai wanda da ina wurin da na janye masa waya.

Wata mata ta tambaye ni ko firam ɗin ya yi mata kyau, na ce mata "'yanci ko mutuwa". Mai shago ya ce in tafi gida.

Talata, da yamma

Yau ba ta tashi zaune ba.

Laraba, da yamma

Injiniya ya zo ya same ni da abin ji a kunne ina yanka albasa. Ya ce, "Anti, har yanzu? Lokacin da ya rage ki zauna kusa da ita mana, maimakon sauraron matattu."

Na ɗaga wuƙar na nuna masa ƙofa. Amma maganar ta zauna min a ƙirji. Da gaske ne, ina cikin ɗakin amma kunnena na wani zamani. Jiya ta kira ni sau biyu ban ji ba, sai da ta buga kofi a jikin gado.

Ya dawo bayan magariba da katin data mai yawa, ya ajiye a kan firji ya fita. Na ɗauka na loda.

Alhamis, da safe

Na fara tsallake-tsallake. In ja gaba, in saurara kaɗan, in ja. Na san ta haka zan iya wuce ta ban sani ba. To ya zan yi? Kunne biyu gare ni.

Juma'a, da hantsi

Na lura da wani abu. A ƙasan kowane kaset akwai ɗan bayani da ƙananan haruffa, ban taɓa karantawa ba. Ma'aikatan taskar ne suke ba da haƙuri a kan lahani: nan sauti ya shaƙe, nan kaset ya tsinke. A wani na ga an rubuta wai a yi haƙuri, akwai hayaniyar jama'a kafin a fara jawabi, mai sauraro na iya tsallakewa. Ni kuwa duk kwanakin nan farkon nake tsallakewa, in faɗa tsakiya.

Sai na daina neman waƙa, na rubuta "hayaniya" a akwatin. Abin da suka ɗauka datti, shi na nema. Ya ba ni goma sha wani abu.

Juma'a, bayan la'asar

Na farko kukan jarirai da hon ɗin mota. Na biyu iska. Na uku wani yana gwada lasifika yana hura ta. Na yi ta bi.

Can ƙasa akwai wani jawabi da aka ɗauka a filin tashar jirgi. Bayanin ya ce hayaniyar mata ta ɓata farkon kaset. Na danna. Shuuu, kamar ana ruwa a kan kwano. Sai tafi. Sai wata murya siririya ta ratso, sama da ta kowa: wanda ya auna gonarmu da igiya.

Na zauna a ƙasan kicin. Ban san lokacin da na zauna ba.

Ban kai mata ba tukuna, barci take, nas ta ce in ta samu barci kar a tashe ta. Kuma ina tsoro. Waƙa ai kowa na iya yi. In ta ce ba ita ba ce, ban da sauran inda zan duba.

Asabar, bayan azahar

Ta farka da ɗan ƙarfi wajen hantsi. Auta ta iso tun safe, Injiniya na zaune a bakin ƙofa. Ban yi wani bayani ba, na ce Mama ga wani abu ki ji. Na sa wayar a kan filo kusa da kunnenta.

Shuuu ɗin ya fara. Ta yamutsa fuska. Aka yi tafi, muryar ta shigo. Mama ba ta motsa ba. Matan suka amsa, leɓenta ya ɗan motsa tare da su, ba sauti. Na ce a raina waƙar ta gane, ba mai waƙar ba.

Sai a tsakiyar baiti mai ba da waƙar ta tsaya, ta kwashe da dariya, ta ce da wata, "Ke, ɗaga murya mana! Ba ki karya ba ne?" Matan suka yi dariya, ta ci gaba. Ba a jima ba wani namiji ya hura lasifika ya ce mata su yi shiru, shugaba zai yi magana. Shi ke nan. Duka-duka bai kai a tafasa ruwan shayi ba.

Mama ta lalubo hannuna ta matse. Ban san tana da sauran ƙarfi haka ba. Ta ce, "Mayar."

Na mayar. Aka zo wurin dariyar ta ce, "Mayar." Na mayar ya fi sau goma, duk lokacin da mutumin nan ya ce a yi shiru sai in ji kamar in shiga wayar in shaƙe shi.

Injiniya ya matso ya raɗa min, "Anti, ta yaya za a tabbatar ita ce?" Na ce in ka sake buɗe baki sai na tabbatar maka da wani abu. Auta ta ja shi waje.

Muka rage mu biyu. Hawaye na bin gefen idonta yana shiga kunne, ina gogewa. Can ta ce, "Wannan muryar, shekarunta nawa?"

Na ce ban sani ba, Mama. Bisa lissafin da kika taɓa yi, ba ta kai ashirin ba.

Ta lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sai ta ce, "Ashe yarinya ce." Ta sake cewa, "Ashe yarinya ce. Jikata ma ta girme ta. Ni ina ta riƙe da ita a zuci, ina cewa babba ce, ta san abin da take yi."

Ta ce in matso mata da wayar. Na ɗauka so take in sake sawa, sai na ga ta ɗora tafin hannunta a kai, tana shafawa a hankali yadda take shafa kan jikokinta in sun faɗi.

Ta ce, "Ya isa, 'yar nan. Ba komai. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Sannan ta ce in ba ta ruwa, ta sha rabin kofi, ta ce in bar wayar a nan kusa da ita.